Abin da Malam Ishaƙ Ya Faɗa a Aji

Talata, bayan la'asar

Baban Nana, mijina Malam Ishaƙ, ya dawo daga makaranta tun kafin azahar. Bai taɓa yin haka ba. Shekara da shekaru yana koyar da tarihi a sakandare a nan Gumel, ko zazzaɓi ba ya hana shi shiga aji. Na tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce lafiya lau, shugaban makaranta ne ya ce ya ɗan huta a gida.

Na zuba masa shinkafa da wake. Ya taɓa kaɗan ya rufe. Wayarsa tana ta ƙara, yana kife ta a kan tabarma.

Laraba, da hantsi

Juwairiyya maƙwabciyata ta shigo, ta ƙi zama. Ta ce, "Maman Nana, kin ga abin da ake ta turawa?" Ta miƙo mini wayarta.

Bidiyo ne, daga bayan aji aka ɗauka. Ana ganin kawunan ɗalibai, shi kuma yana tsaye gaban allo da alli a hannu, sanye da rigar nan mai ruwan toka da na goge masa. Muryarsa ce, babu tantama. Yana cewa, "An gicciye shi, kusan duk masana tarihi sun tafi a kan haka. Kuma mabiyansa sun ce sun gan shi da rai bayan nan." Sai ya yanke. A ƙasa wani ya rubuta wai ga malamin da yake mayar da 'ya'yan Musulmi Kiristoci.

Ta ce, "Ke kin san da wannan?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce in yi ta addu'a. Da za ta fita ta kira 'ya'yanta da suke wasa da Nana Firdausi a gindin darbejiya, ta ce su zo su ci abinci. Lokacin cin abinci bai yi ba.

Laraba, bayan azahar

Na tsare shi sai da ya gaya mini.

Da aka koma makaranta bayan hutu, yara suka tasa wata yarinya gaba da tsokana saboda bikinsu na Ista. Zinariya sunanta, 'yar ajin ƙarshe, 'yar Dogo makanike, Kiristocin nan Hausawa da suka taso daga wajen Gagarawa. Suna ce mata ta kawo hujja in da gaske ne wanda suke kira Yesu ya mutu ya tashi. Shi ya shigo ya tarar da hayaniyar. Yarinyar ta miƙe, idonta jawur, ta ce, "Malam, kai ne malamin tarihi. Akwai hujja ko babu?"

Na ce, "Da ka ce mata ba darasin yau ba ne."

Ya ce, "Na yi tunanin haka. Amma duk ajin ni suke kallo. In na gudu daga tambayar nan, me na koya musu?"

Ya ce ya jera musu abin da yake akwai ne kawai. Wani marubucin Romawa, wanda ba Kirista ba ne, ba ma ya ƙaunar Kiristoci, ya rubuta cewa an kashe shi a zamanin gwamna Bilatus, amma wajen shekara tamanin bayan abin ya rubuta. Wani Bayahude ma ya ambace shi, sai dai masu kwafe littafin daga baya sun sa hannu a maganar. Mafi daɗewa ita ce wasiƙar wani mutum da da farko yake tsananta wa mabiyansa, daga baya ya shiga cikinsu. Shekara ashirin da 'yan kai bayan abin ya rubuta ta, ya lissafa mutanen da suka ce sun gan shi da rai, ya ce shi ma a wajen na gabansa ya karɓi maganar. Sai labarai huɗu da aka rubuta bayan wannan, ba su dace da juna a komai ba, amma duka sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin da sassafe.

Ya ce ya gaya musu babu wanda ba mabiyinsa ba da ya rubuta cewa ya ga tashin. Ya gaya musu tarihi zai iya nuna maka mutanen nan sun gaskata abin har wasunsu suka yarda a azabtar da su a kansa, amma ba zai iya buɗe maka abin da idonsu ya gani ba.

Na ce, "To ina wannan ɗin a bidiyon?"

Ya ce, "Ba ya ciki."

Alhamis, da safe

Ba wanda ya aiko sayen ƙanƙarar da nake sayarwa. Firjin a cike yake.

Juma'a, bayan an sauko

Na roƙe shi kada ya je masallaci. Ya ce in bai je ba ya tabbatar musu. Ya yi wanka ya sa fararen kaya ya tafi.

Ni kuma na zauna a bakin ƙofar ɗaki, ina jin lasifika daga nesa. Ban ji sunansa ba. Na ji ana maganar masu ɓata tarbiyyar yara da sunan boko.

Ya dawo shi kaɗai. Da kyar ya ce wanda yake damansa a sahu ya matsa, na hagunsa ma ya matsa. Ya yi murmushi yana faɗa, kamar abin dariya ne. Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Asabar, da rana tsaka

Zafi kamar a tanda. Nana tana ta tambaya me ya sa ba za ta je Islamiyya ba. Na ce an ba da hutu.

Ina shara na tsaya a gaban kantar littattafansa. Tun da aka kawo ni gidan nan nake kakkaɓe musu ƙura, ban taɓa jin komai ba. Yau sai na ji kamar akwai kunama a tsakaninsu. Na Turanci, na Larabci, wasu tun yana jami'a. Ban san wanne ne ba a ciki. Na daɗe ina kallon murhu.

Ban taɓa su ba.

Akwai kalmar da ake faɗa a kansa a gari. Ba zan rubuta ta ba. Wai ya bar addini, ma'anarta ke nan. Mutumin da shi yake tashina sallar asuba.

Lahadi, da yamma

An je gidan su Zinariya. Ba zan rubuta abin da aka yi ba. Ba wanda ya mutu, alhamdulillahi. Garejin Dogo dai babu shi.

Da Baban Nana ya ji, ya sa takalmi zai fita. Na riga shi zuwa zaure na tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa tare masa hanya ba tun da muke. Ya ce, "Rahama, ni na ja musu." Na ce, "In ka fita, ka ɗauki Nana ka tafi da ita, don ni ban san abin da zan gaya mata ba." Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire takalmin.

An ce sun koma ƙauyensu a Gagarawa a bayan wata akori-kura.

Litinin, da hantsi

Yaya Abdulƙahhar ya zo daga Ɗanzomo. Bai shigo ba, a waje ya tsaya da mota. Bai ba Baban Nana hannu ba. Ya ce mahaifinmu, Baba Malam, ya ce in taho da yarinya, yau.

Na shiga ɗaki na ce, "Me zan yi?"

Ya ce, "Mahaifinki ya kira ki. Ki tafi. Ni ma Kawu Ilu ya ce in zo Maigatari in zauna a wajensa har ƙura ta lafa."

Shi ya haɗa wa Nana kayanta. Ya sa mata takalmin makaranta a jaka, ban san don me ba.

A hanya, da muka kusa isa, Yaya ya dube ni. Ya ce, "Tun farko na ce karatun nan nasa ya yi yawa."

Laraba, bayan azahar, Ɗanzomo

Inna tana ta hidima da ni kamar mai jego. Fura, kunu, a zauna a huta. Ba ta ambaci sunansa ba ko sau ɗaya. Baba Malam na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Nana karatunta, shi ke nan.

Kowa yana sharar gona. Ana duban gabas, babu hadari.

Alhamis, da safe

Lafiya lau.

Alhamis, da la'asar

Ba lafiya lau ba ne. Ina bayan rumbu ina shanya, Gwaggo Yelwa ba ta san ina nan ba. Na ji tana ce wa Inna, "In dai ya tabbata, ai aure babu shi. Ko saki ba a buƙata. Sai ta fara lissafin idda."

Inna ta ce, "Ki rage murya."

Ba ta ce ƙarya ne ba. Rage murya kawai ta ce.

Asabar, da hantsi

Na kira Baban Nana a waya. Ina jin kukan raƙuma da hayaniyar mutane a bayansa, ya ce yana taya Kawu Ilu duba dabbobin da ba a sayar ba ranar kasuwa. Muka yi maganar Nana, muka yi maganar zafi. Sai na ji bakina ya faɗi abin da na yi kwanaki ina haɗiyewa.

Na ce, "Baban Nana, don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Kai me ka yarda da shi?"

Tun da aka fara ban ji tsoro kamar na wannan lokacin ba.

Ya ce, "Har ke?"

Na ce, "Har ni. Gara in ji daga bakinka."

Ya ce, "Na yarda Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi, an kamanta wa mutane ne. A kan haka nake, a kan haka nake fatan in mutu. Amma ki duba, Rahama. In an kamanta musu, ai abin da suka gani za su rubuta. Mai tarihi kuma abin da aka rubuta yake bi. Ni ban ga inda na saɓa ba."

Na ce, "Bai taɓa girgiza ka ba?"

Ya ce, "Ya taɓa. Lokacin ina jami'a na ɗauka zan tarar da tatsuniya ce kawai, sai na tarar da mutanen da suka yi imani da gaske, tun da wuri, ba bayan ɗaruruwan shekaru ba. Na yi watanni ina juya abin. Na zauna a inda nake. Amma tun daga nan ban ƙara yi wa Kirista dariya ba."

Da na so ya ce mini bai taɓa ba. Amma da ya faɗi hakan, da ban yarda da sauran ba.

Lahadi, da safe

Ina tankaɗe sai na kama kaina ina tunanin matan nan da ya ce sun je kabari da sassafe. Ya ce a zamaninsu ba a ɗaukar shaidar mace da nauyi, shi ya sa wasu masana suke cewa mai ƙirƙirar labari ba zai sa mata a gaba ba, wasu kuma suna cewa wannan ba hujja ba ce, tunda mata ne dama masu zuwa gyara gawa. Ni ba wannan nake tunani ba. Tunani nake yaya ƙafafunsu suka ɗauke su, gari cike da waɗanda suka tsani mutumin.

Na yi istigfari. Ban san ko laifi ne ba, na dai yi.

Talata, bayan azahar

Ina tsakar gida aka yi sallama da Baba Malam. Na ji Yaya yana ɗaga murya a waje, sai muryar Baba, a hankali, "Baƙona ne. Shimfiɗa masa."

Na matsa jikin bangon zaure. Dogo ne. Tun daga Gagarawa ya taho a kan babur, da Zinariya a baya. Mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa kwanan nan, ya shigo garin da bai san kowa ba, gidan malami.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji an ce za a raba surukinka da iyalinsa saboda tambayar 'yata. Ni ba addininmu ɗaya ba, ban san ko za a karɓi maganata ba. Amma yarinya tana wurin. A bar ta ta faɗa."

Baba ya ce, "Faɗi, yarinya. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta faɗi duk abin da Baban Nana ya gaya mini, kusan kalma da kalma. Sannan ta ce, "Da ya gama na ce, Malam, to kai ka yarda ya tashi? Ya ce a'a, shi Musulmi ne, bai ma yarda ya mutu ba. Ya ce amma ba zai ɓoye mini abin da aka rubuta ba, kuma ba zai bari a yi mini dariya a ajinsa ba."

Baba ya ce, "Kin ji daɗin amsar?"

Ta ce, "A'a. Na so ya ce muna da gaskiya. Har gida na je ina jin haushinsa."

Baba ya sa aka kawo musu ruwa da fura. Ya sa mutum biyu suka raka su har suka fita daga gari. Ina leƙensu ta kafar zana, yarinyar ta riƙe rigar babanta da hannu biyu.

Laraba, da yamma

An aika a kira Baban Nana. Gobe.

Na kasa cin komai.

Alhamis, bayan la'asar

Zauren ya cika: Baba Malam, limamin gari, dattawa, Yaya Abdulƙahhar. Ni da Inna muna bayan ƙofa. Ta nan na hango shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Baba ya tambaye shi imaninsa, ya amsa kamar yadda ya amsa mini. Baba ya ce, "Kun ji."

Sai Yaya ya fito da waya. Ya ce, "Mu mun ji, mutanen Gumel ba su ji ba. Ya tsaya in ɗauke shi, ya ce duk abin da ya faɗa a aji ƙarya ne, babu wata hujja ko ɗaya, Turawa ne suka ƙirƙira. A tura, magana ta mutu."

Wasu dattawa suka ce haka ne, wannan shi ne sauƙi.

A raina ina cewa ka faɗa, ka faɗa kawai mu koma gida. Na riƙe hannun Inna har ta ce ina ji mata ciwo.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, zan tsaya a ɗauke ni in yi kalmar shahada, in ce ban yarda ya mutu ya tashi ba. Zan ce na yi kuskure da ban auna inda nake magana ba, kuma ta dalilina an cuci bayin Allah. Amma in ce ba a rubuta ba, alhali an rubuta, na karanta da idona, wannan ba zan iya ba. Yaran nan wata rana za su karanta. In sun tarar na yi musu ƙarya a wannan, me zai sa su yarda da ni a sauran?"

Yaya ya ce, "Ka ji ko, Baba?"

Ba wanda ya yi motsi.

Baba ya ce, "Na ji. Ka mayar da wayarka aljihu, Abdulƙahhar. Ba zan sa mutum ya yi ƙarya don ya nuna mini shi Musulmi ne ba." Ya juya wajen Baban Nana. "Kai kuma, Malam Ishaƙ, kana da ilimi, amma ba ka san lokacin magana ba. Gidan mutum ya tafi a kan haka. Wannan yana wuyanka, ka san yadda za ka yi da shi. Matarka tana ciki."

Inna ta saki ajiyar zuciya. Ni kuma na zauna a ƙasa.

Yaya ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Asabar, da rana

Maganar Baba ta isa Gumel. Wasu sun karɓa, wasu sun ce suruki ne ya rufa wa suruki asiri. Makaranta ta ce kada ya koma tukuna. Ba a faɗi ranar da tukunan zai ƙare ba. Wanda ya ɗauki bidiyon har yau ba mu san shi ba, Baban Nana ya ce ba ya son ya sani, ɗalibinsa ne ko ma wane ne.

Ya je Gagarawa jiya. Ya bar wa Dogo babur ɗin da yake zuwa makaranta da shi, ya dawo a motar haya. Bai gaya mini abin da suka ce wa juna ba.

Talata, da hantsi, Maigatari

Ɗaki ɗaya Kawu Ilu ya ba mu, a bayan gidansa. Ana jin warin dabbobi ko'ina. Nana ta riga ta yi ƙawaye, har ta fara kwaso kalmomin mutanen ƙetaren iyaka.

Duk sallamar da aka yi sai gabana ya faɗi.

Laraba, bayan la'asar

An yi sallama da rana, muryar da ban sani ba. Mutumin ya ce, "Nan ne malamin tarihin nan na Gumel yake?"

Na ɗauke Nana na tura ta bayan ƙofa. Na duba katanga, ina auna ko zan iya ɗaga ta in tsallakar. Baban Nana ya fita. Na ƙirga numfashina har ya dawo.

Ya ce wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Bilal. 'Ya'yansa mata biyu za su zana jarabawa, yana so a riƙa yi musu bita da yamma. Ya san labarin duka, ya ce shi ya sa ma ya zo.

Na ce, "Ka amsa?"

Ya ce, "Na ce sai na tambaye ki."

Na ce, "In sun yi maka irin waccan tambayar fa?"

Ya dube ni. Ni ma na san amsar, abin da aka rubuta zai faɗa musu.

Tsoron bai tafi ba, yana nan a ƙirjina yanzu haka da nake rubutu. Na ce masa su zo gobe. Amma a tsakar gida za a yi karatun, inda zan riƙa ji, kuma ni zan zauna a bakin ƙofa.